Takardar Salamar Kofur Kumai

Ranar da aka gwada sababbin igwa a dajin nan na wajen Kachia, Kofur Kumai bai san aikinsa ake binnewa a gabansa ba. Shi dai baki ya saki yana kallo.

Guda shida ne, an jera su a bakin fili, fentinsu ko ƙwarzane babu. Kumai fa ba baƙon igwa ba ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗura mata harsashi, tun daminar 1967 da aka kwashe su daga tashar jirgin Kafanchan, shi da yayansa Obadiah, lokacin da ake ɗaukar duk wanda ke da ƙafa biyu da faɗin ƙirji. A fagen yaƙi da kunne yake aiki. In aka harba sai ya karkata kai, ya saurari kukan harsashin, ya ce zai wuce ko zai gaza, a ɗaga baki kaɗan ko a sauke. Sau da yawa maganarsa ce ke fita, har hafsoshi suka riƙa cewa a tambayi Kumai. Kunnensa na hagu ma a can ya mutu, ya dawo da na dama kaɗai, kuma bai taɓa jin ya yi asara ba.

To, ran nan babu wanda ya tambayi Kumai. Wani ɗan laftanan ne mai suna Gilbert, wanda lokacin yaƙi yana aji shida a firamare, ya zauna a ƙarƙashin tanti da tebur a gabansa. Abin da ke kan teburin nan bai wuce taswira da rula da fensir da wani ɗan littafi mai cike da lambobi ba. Aka ce abin da za a harba tsohuwar akori-kura ce da aka ja aka ajiye bayan dutse, mil shida daga nan. Ba mai ganinta. Shi kansa laftanan ɗin ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi dutsen ba. Ya ja layi, ya buɗe littafi, ya rubuta wani abu, ya ɗauki oba-oba ya faɗi lambobi da Turanci, a hankali kamar mai karanta sanarwa a coci.

Kai jama'a! Igwa shida suka yi magana da murya ɗaya. Ƙasa ta motsa, ciyawa ta kwanta, tsuntsayen dajin nan kaf suka tashi. Kumai ya karkata kunnen dama yadda ya saba, ya zunguri abokinsa Nicholas, wanda suke ɗura harsashi tare tun a Inugu, ya ce, "Zai gaza. Na rantse maka zai gaza."

Da aka ɗebe su a mota aka zagaya bayan dutsen, babu akori-kura. Ba wai ta lalace ba, babu ita. Ramuka shida ne a wurin da bai fi masussukar acca faɗi ba, sai wata taya guda da ke cin wuta can gefe. Kumai ya sauko ya tsaya a bakin ramin. Bai san sa'ad da ya cire hularsa ba. A yaƙi sai su yi yini suna lalube, su harba talatin kafin ɗaya ya faɗa kusa, ga shi yau yaro da fensir ya aika shida wuri ɗaya bai ko gani ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Da suka koma ya yi ta zagaya tantin nan yana satar kallon fensirin, fensir ne kawai irin na 'yan makaranta, har an ɗan tauna gindinsa.

"Nicholas," in ji shi, "da muna da wannan a lokacin can, da mutane nawa suna raye?"

Nicholas ya san wa yake nufi. Obadiah bai dawo daga bakin kogin Kwara ba.

Bayan sati uku aka tara su a fareti aka karanta musu abin da kowa ya daɗe yana ji a raɗe-raɗi. Soja sun yi yawa. An ɗebi mutane a gurguje saboda yaƙi, yaƙi kuwa ya ƙare shekara takwas ke nan, gwamnati na son rundunar da ba ta da yawa amma ta san karatu, wadda za ta iya da sababbin kaya. Za a yi jarrabawa, wanda ya ci ya zauna, wanda bai ci ba a sallame shi cikin mutunci. Haka aka ce, cikin mutunci.

Karatun Kumai kuwa gaba ɗayansa a ajin baftisma ya same shi, a littafin waƙoƙin coci, da yatsa a kan layi. Aka ajiye masa takarda da Turanci, lambobi sun hau kan lambobi. Awa biyu yana zaune. Ya rubuta sunansa, ya rubuta lambarsa ta soja, ya gyara wutsiyar harafin ƙarshe, ya sake gyarawa. Wani akawu da ko ƙarar bindigar farauta bai taɓa ji ba ya zo ya zare takardar daga hannunsa yana murmushi. Ni wannan murmushin ne har yau ke ba ni haushi, mutum ya ba ku kunnensa da ɗan'uwansa, ai ko ba komai a karɓi takardarsa da hannu biyu.

Amma shi Kumai bai yi fushi ba, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da zalunci aka yi masa da ya sami abin riƙewa. To ya ga ramukan nan shida da idonsa. Ya san gaskiyarsu ce.

A Kaduna aka ba su takardunsu. Tasa ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji, ya ji ta fi harsashin igwa nauyi. Ranar da zai bar ƙauyensu, can bayan Kafanchan ta hanyar Kagoro, a gaban kowa ya bugi ƙirji ya ce ba zai dawo zama ba sai da igiya uku a hannu, a kira shi Saje. Ga shi da biyu, su ma an karɓe. Uwarsa Afiniki kuwa duk kasuwar da ta je sai ta gaya wa mutane ɗanta ne ke harba babbar bindigar gwamnati. Takarda ɗaya tak soja suka taɓa aiko mata, ita ce ta Obadiah, kuma tun daga ranar in ta ga ambulan sai jikinta ya ɗauki rawa. Yanzu shi ne zai kai mata ta biyu.

Akwai masu rubuta wa soja wasiƙa a bakin bariki, amma Kumai ya ce ba wanda zai sake yi masa murmushi. Ya sayi takarda da biro ya zauna a gindin mangwaro, ya yi gumi ya rubuta layi uku da hannunsa: yana gaida Mama, an ba shi takardar sallama, yana zuwa ran Asabar ta sama a jirgin Kaduna. Ya sa sunan ƙanwarsa Bernice a bayan ambulan, ita ce malamar firamare a Kafanchan, ita ke karanta wa gida wasiƙa.

Da wasiƙar ta tafi sai zuciyarsa ta karye. Nicholas, wanda shi ma aka sallama, shi ne ya kawo shawara. Ya ce akwai wani kamfanin kuza a wajen Bukur, kusa da Jos, da ke neman tsofaffin soja aikin gadi, ba sa tambayar karatu, tsayuwa kawai suke so.

"A Kafanchan ake canjin jirgi," in ji Nicholas. "Mu sauka a wannan, mu tsallaka layin dogo, mu hau na Jos. Minti ashirin ne. Wa zai gan ka? In ka yi shekara biyu ka tara abin hannu sai ka je gida da rediyo da keke, ka ce ritaya ka yi."

"Na riga na rubuta ina zuwa."

"To sai me? Soja ne kai, an canja oda."

Ran Asabar suka shiga jirgi da safe. An fara ruwa, ƙasa ta yi kore, ko'ina mutane sun duƙa suna huɗa. Bayan Zonkwa Kumai ya hango wani tsoho da garma, ɗansa na biye da shi a kunya ta biyu, sai ya kau da kai daga tagar. Ya yi ta auna abin. In ya je gida, gobe Lahadi, dole ya shiga coci, dattawa su tambaye shi hutun kwana nawa aka ba shi. Samarin da ya bari suna kiwon awaki yanzu wasu malamai ne, wasu suna reluwe. Zai tsaya a gabansu ya ce an gwada shi da fensir ya faɗi. Kafin duwatsun Kagoro su bayyana ya riga ya yanke: Jos za shi. In ma wani ya zo tarye, bai wuce Bernice ba, ita kuwa zai aika mata da bayani daga baya.

Jirgi ya fara rage gudu, ya wuce wurin gyaran injuna, ya wuce tankin ruwa. Sai Kumai ya ji wani abu ta kunnen dama, dum, dum, dum, mai zurfi, irin wanda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Jikinsa ya riga hankalinsa, ya dafe benci ya sunkuyar da kai. Nicholas ya leƙa ta taga.

"Tashi ka ga ikon Allah," in ji shi.

Kiɗan tulu ne. Matan zumuntar coci ne cike da dandamalin tasha, sun fi sittin, zane iri ɗaya, kallabi iri ɗaya, ƙafafunsu jajawur da laka, alamar da ƙafa suka tako. Huɗu na zaune sun rungume tuluna suna buga bakinsu da tafin hannu, wasu na kaɗa caki, sauran sun yi layi biyu suna rausaya tare, gaba, baya, ba wadda ta saɓa. Kumai ya yi fareti a gaban manyan hafsoshi, bai taɓa ganin sahu ya daidaita haka ba. Muryoyinsu suka danne hucin injin. Masu tallan gyaɗa da ayaba sun manta da ciniki, ma'aikacin da ke riƙe da tuta ya tsaya da ita a sama, fasinjoji sun cika tagogi.

"Wani babban fasto ne a jirgin nan," in ji Kumai a hankali. "Ko amarya."

Ya ma ji daɗi, don a cikin wannan taro ba wanda zai lura da mutum biyu masu tsallaka dogo. Ya ɗauki jakarsa. Yana sa ƙafa a matakalar tarago, mai ba da waƙa ta ɗaga murya, sai ya ji sunansa. Ya ɗauka kunnensa ne ke yi masa wasa, ya juya na dama sosai. Mata sittin suka amsa, suka sake faɗa: Kumai ɗan Afiniki.

Ƙafarsa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Kunya ta rufe shi. Watau ba su sani ba, ko kuwa Bernice ta ɓoye, suna tsammanin girma aka ƙara masa. Ya juya zai koma ciki ya fita ta ɗaya ƙofar, sai aka riƙe masa hannun riga.

"Yaya, ina za ka?"

Bernice ce, da tabaraunta da jakar makaranta. Ya ja ta gefen tarago.

"Me kika gaya musu? Ba ki karanta wasiƙata ba?"

"Na karanta. A ƙofar coci na karanta, bayan sujada, don Mama ta ce ba za ta iya jin takardar soja ita kaɗai ba." Ta buɗe jaka ta fito da wasiƙar ta nuna masa da yatsa. "Ga abin da ka rubuta. Duba da kyau."

Ya duba. Rubutunsa ne, manya-manyan haruffa masu karkata. An ba ni takardar salama.

"To ai shi ne," in ji shi.

"Yaya, sallama harafin 'l' biyu ne a tsakiya. Kai ɗaya ka sa."

Allah sarki! Mutanenmu na can dama ba sa wahalar da harshe wajen nanata harafi, sallama da salama duk ɗaya suke fita a bakinsu. Shi kuwa Kumai a duk littafin da ya koyi karatu da shi bai taɓa cin karo da sallama ba, salama ce ke kowane shafi, salamar Ubangiji, salamar zuciya. Da hannunsa ya zo rubutawa, wadda ya sani ya rubuta. Karatun da ya kayar da shi a jarrabawa shi ne ya sake yi masa wannan aika-aika.

"Ke ai kin gane," in ji shi. "Ke malama ce. Me ya hana ki gyara?"

"Na gane sarai. Na buɗe baki zan yi bayani sai na ga Mama ta durƙusa a ƙasa. Ka san abin da take roƙo kowace safiya tun ranar da kuka tafi? Ba igiya ba, ba albashi ba. Ubangiji ka ba yarana salama. Bayan Yaya Obadiah ta koma cewa ka ba Kumai salama. Shekara goma sha ɗaya matan nan suna ce mata amin. Sai ga takarda ta zo da kalmar a ciki, da hannunka. Ni ba ni da ƙarfin da zan ƙara harafin nan. In kana da shi, ga ta can."

Layin matan ya buɗe. Afiniki ta fito, ta ƙanƙance fiye da yadda ya bar ta, tana takawa da sanda amma kafaɗunta na bin kiɗa. Ta zo ta tsaya a gabansa. Ba ta rungume shi ba tukuna. Ta shafa hannunsa na dama tun daga kafaɗa har yatsu, ta shafa na hagu, ta dubi ƙafafunsa, kamar mai duba ko an ba ta kayanta cikakke. Sannan ta zagaya ta ɓangaren kunnensa mai ji, ta yi masa magana da yarensu.

"Ina takardar?"

Ya ciro ta daga aljihu. Ta goge hannuwanta a zane ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta riƙe ta a juye, hatimin na ƙasa. Kiɗa ya tsaya. Can tsallaken dogo jirgin Jos ya shigo, Kumai ya hango Nicholas tsaye da jaka a kafaɗa yana yi masa alama da kai.

Da zai yi shiru da shi ke nan, a raka shi gida da waƙa, ƙarya ta zauna. Amma ya dubi tsohuwar nan da ta tako mil bakwai, ya ji ba zai iya ba.

"Mama," ya ce, da Hausa ya faɗa don duk matan su ji, kada ya sake maimaitawa gobe, "ba abin da kuke tsammani ba ne. Kuskuren rubutu na yi. Sallama ce, kora. An kawo sababbin bindigogi masu son karatu, an gwada ni ban iya ba. Sun ce ba su da sauran aiki da ni. Ko Saje ban zama ba."

Afiniki ta dubi takardar, ta dube shi. Ita ma da Hausa ta amsa, irin tata Hausar ta kasuwa da coci.

"Wannan takarda, ya ce ka koma bariki?"

"A'a, Mama."

"In an yi wani yaƙi fa? Za su zo su ɗauke ka?"

"Ba za su zo ba. Suna da waɗanda suka fi ni."

"Ko sun rasa mutum?"

"Ko sun rasa. Sunana ya fita daga littafinsu."

"Har abada?"

"Har abada, Mama."

Ta juya ta dubi Bernice, ta dubi matan, fuskarta cike da mamakin wannan yaro da ya yi tafiya har bakin teku ya dawo bai yi wayo ba.

"To ina kuskuren?" ta ce.

Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, tuluna suka ɗauka gaba ɗaya. Kumai ya tsaya riƙe da jaka, ya ji tsigar jikinsa ta tashi kamar ranar da ya tsaya a bakin ramukan nan shida, sai dai yau bai san ma wa zai cire wa hula ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, a gaban mata sittin da fasinjojin jirgi biyu.

Afiniki ta ninke takardar yadda ta same ta, ta kwance bakin zanenta. A nan ya ga wata tsohuwar ambulan da ta yi laushi don daɗewa, ya gane ta Obadiah ce. Ta haɗa su biyun ta ƙulle.

"Wancan ya ɗauke mini ɗaya," in ji ta. "Wannan ya dawo mini da ɗaya. Kawo jakar, Bernice za ta riƙe."

Jirgin Jos ya yi kuka. Ta ɓangaren dama yake, Kumai ya ji shi sarai. Ya ɗaga wa Nicholas hannu, Nicholas ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ƙame ya sara masa ya hau. Kumai ya miƙa wa ƙanwarsa jakar, ya koma hagun uwarsa don kunnensa mai ji ya kasance wajenta. Suka bi bayan matan suka fita daga tasha, tana gaya masa tun yanzu cewa gonar citta ta bayan rafi ba a yi mata huɗa ba, kuma ruwa ba zai jira shi ba.